Hull KR da Warrington a Wembley: shin bana Rovers za ta ɗaga Kofin Challenge?

Danladi_Hull: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Asabar mai zuwa, 7 ga Yunin 2025, Hull KR, wadda ake kira Rovers, za ta kara da Warrington a wasan ƙarshe na Kofin Challenge na zari-ruga (rugby league) a filin Wembley da ke Landan, kuma ina so mu zauna mu auna damar da Rovers take da ita ba tare da son rai ba, duk da cewa kowa a wannan zaure ya san ita nake goyon baya. Ita ce a saman teburin Super League, babbar gasar lig ta wannan wasa a Ingila, ta fitar da Hull FC da maki 32 da 16 har a gidan Hull FC ɗin, sannan ta doke Catalans da maki 36 da 12 a birnin York a wasan kusa da na ƙarshe. Idan sakamakon bana kaɗai za a bi, babu mai cewa Warrington ta kai ta. Sai dai rabon Rovers da babban kofi tun 1985, rabonta da wannan kofin kuwa tun 1980. Tambayata ita ce, shin ƙarfin da take nunawa mako bayan mako zai ishe ta a wasa guda na minti 80 wanda ba shi da gyara, ko kuwa abin da ya saba faruwa da ita a irin wannan rana zai sake faruwa?

Auwalu_Warrington: Wa alaikumus salam, Malam Danladi. Ba zan yi jayayya da teburin lig ba, domin Warrington tana can tsakiya, kuma raunuka sun addabe ta tun farkon kaka. Amma ina roƙon a tuna da shekarar 2019, lokacin da St Helens ta yi wa kowa fintinkau a lig, kusan duk masu sharhi suka ba ta kofin tun kafin a busa usur, sai ga Warrington ta doke ta da maki 18 da 4 a wannan filin na Wembley. Wannan ƙungiya ta ɗauki kofin sau tara, huɗu daga ciki a 2009 da 2010 da 2012 da 2019. Ta san otal ɗin da ake sauka, ta san tsawon jiran da ake yi kafin a fito fili, ta san yadda ƙafafu ke yin nauyi a minti goma na farko. Bana ma ta fitar da St Helens, ta kuma fitar da Leigh da maki 21 da 14, kuma dukansu biyu suna gabanta a tebur.

Inuwa_Damagaram: Ina gaishe ku duka. Ni sabon shiga ne a kallon wannan nau'i na zari-ruga, a intanet nake bin sa daga nan Damagaram. Ina roƙon wani ya taƙaita mini yadda ake lissafin maki, da abin da ke faruwa idan aka tashi kunnen doki, domin in fahimci abin da kuke aunawa.

Hajiya_Rabi_Leeds: Barka da zuwa, ɗan'uwa Inuwa. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 13, kuma ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da damar a kama ɗan wasanta sau shida kafin ƙwallon ta koma hannun abokan hamayya, shi ya sa bayan kamu na biyar yawanci ake buga ta da ƙafa zuwa nesa. Dire ƙwallo a bayan layin abokan hamayya maki 4 ne, bugun da ke biyo bayansa tsakanin sanduna maki 2, bugun fanareti maki 2, sai kuma bugun da ɗan wasa ke sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa sannan ya ɗaga ta tsakanin sanduna ana cikin wasa, wanda maki 1 ne. A wasan kofi idan aka yi kunnen doki ana shiga ƙarin lokaci, kuma duk wanda ya fara samun maki, ko da ɗaya ne, shi ya ci wasan nan take. Ka riƙe wannan bugun na maki ɗaya da kyau, domin shi ne tushen fargabar Malam Danladi ko da bai faɗa ba.

Danladi_Hull: Hajiya ta taɓo inda yake yi mini ciwo. Ina cikin filin Wembley a watan Agustan 2023, a wasan ƙarshe na wannan kofin tsakanin Rovers da Leigh, a ɓangaren magoya bayan Rovers masu ja da fari, lokacin da Matt Parcell na Rovers ya dire ƙwallo saura ƙiris a tashi, alƙalin bidiyo ya daɗe yana duba ta, sannan Brad Schneider ya buga ta shiga aka koma 16 da 16. Wani dattijo da ke gefena, wanda ya ce mini yana saurayi ya kalli wasan 1980, ya riƙe hannun rigata da ƙarfi bai ma san ya riƙe ba. Da aka shiga ƙarin lokaci, 'yan Leigh suka tura ƙwallo tsakiyar fili, aka miƙo ta baya ga Lachlan Lam, ya ɗaga ta ta ratsa sanduna, wasa ya ƙare 17 da 16. Dattijon nan bai ce uffan ba, ya naɗe gyalensa ya sa a aljihu ya sauka. Irin wannan bugun ne kuma ya jefa ƙungiyar ƙasa daga Super League a 2016, lokacin da Salford ta ci 19 da 18 a Craven Park, filin Rovers, bayan Rovers tana gaba da maki takwas ana dab da tashi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Garba_Manchester: To ai a nan ne nake ganin Warrington ta fi haɗari fiye da yadda teburin ke nunawa, domin mutumin da ya fi kowa iya irin wannan wasa a Ingila a yau yana sanye da rigarta. Marc Sneyd ya koma can daga Salford a watan Maris saboda matsalar kuɗi da ta dabaibaye Salford, kuma shi ne ya lashe kyautar Lance Todd ta gwarzon wasan ƙarshe sau biyu a jere, a 2016 da 2017, yana Hull FC. Ku tuna yadda wasan 2016 ya juya. Warrington ce ke gaba da maki 10 da nema, sai Sneyd ya yi dogon bugu daga ɓangarensu ƙwallon ta taɓa ƙasa ta fita kusa da layin Warrington, wanda a doka ya mayar wa Hull FC da ita a wurin, daga nan wasa ya sauya har aka tashi 12 da 10. Ƙafarsa ta hagu ba gaggawa take yi ba. Yana ajiye ƙwallo a kusurwa, mai tsaron baya ya ɗauko ta a bakin layinsa mutum uku na kansa, sai ƙungiya ta shafe kamu shida tana neman fita daga gidanta. Idan aka yi haka na rabin sa'a, ƙartan gaba sun gaji tun kafin su ga layin abokan hamayya. Mutumin da ya hana Warrington kofi a 2016 shi ne zai nema mata shi bana, kuma a kan tsofaffin abokan gabarsa na gabashin Hull.

Maryam_Bradford: Ina girmama bayanin Malam Garba, amma ina ganin muna ba tarihi nauyin da ya wuce kima. A wasan kusa da na ƙarshe na 2023 ɗin da Malam Danladi ya ambata, Hull KR ce ta fitar da Wigan da maki 11 da 10 a Headingley, kuma da bugun maki ɗaya a ƙarin lokaci ta yi hakan. Ke nan ba a kanta kaɗai wannan bugun ke faɗawa ba. Sannan ƙungiyar da kocinta Willie Peters ya gina bana ta bambanta da ta wancan lokacin. Ya kawo Jared Waerea-Hargreaves, wanda ya ci gasar Ostireliya sau uku da Sydney Roosters a 2013 da 2018 da 2019, ya kawo Michael McIlorum, wanda yana cikin 'yan Catalans da suka doke wannan Warrington ɗin da maki 20 da 14 a wasan ƙarshe na 2018, ga kuma Tyrone May da ya ci gasar Ostireliya da Penrith a 2021. Waɗannan mutane ba su gaji baƙin cikin kashin da Rovers ta sha a wasan ƙarshe na 1986 ko na 2015 ba, kuma domin irin wannan rana aka ɗauko su.

Bashir_Gwale: Ina tare da Malama Maryam. Tsaron bayan Hull KR shi ne mafi tsauri a lig bana, kuma ta je har gidan Warrington a watan Mayu ta doke ta. Ban ga abin da zai sauya cikin makonni biyu ba.

Auwalu_Warrington: Abin da zai sauya, Malam Bashir, shi ne George Williams. Kyaftin ɗin Warrington ne kuma kyaftin ɗin Ingila, an yi masa tiyata a idon sawu a watan Afrilu, bai buga wancan wasan na Mayu ba, kuma ana sa ran zai dawo ranar Asabar. Idan yana fili, Sneyd ba ya buƙatar ɗaukar dukan nauyin tsara wasa, sai ya mayar da hankali kan bugun ƙafa, Williams ya riƙa kai hari da gudu, Matt Dufty kuma ya biyo su daga baya. Na yarda cewa mutumin da ya yi kusan wata biyu bai taka fili ba zai iya gajiya bayan hutun rabin lokaci, kuma na san 'yan Rovers za su riƙa turo masa manyan 'yan gabansu domin su gwada ƙafar. Amma kocinsa Sam Burgess shi ne wanda ƙashin kuncinsa ya karye a kamun farko na wasan ƙarshe na Ostireliya a 2014, ya ci gaba da wasa har aka tashi, South Sydney ta ɗauki kofin da ta shekara 43 tana nema, aka kuma ba shi kyautar gwarzon wasan. Ɗan wasan da irin wannan mutum ke horarwa ba zai ce ƙafa na yi masa ciwo a Wembley ba.

Malam_Sabo_Kaduna: Ɗan'uwa Auwalu, jarumtar Burgess a matsayin ɗan wasa ba ta da ja, amma ranar Asabar a kujera zai zauna. Bara ma shi ne koci lokacin da Wigan ta doke Warrington da maki 18 da 8 a wannan filin, kuma duk wanda ya kalli wasan ya ga yadda ƙwallo ta riƙa suɓuce wa 'yan Warrington, Dufty ya karɓi katin gargaɗi na minti goma tun a farkon wasa, kuma sau ɗaya tak suka dire ƙwallo. Idan muka ce Warrington ta san Wembley, sai mu ƙara da cewa ta sha kashi a can a 2016 da 2018 da 2024. Rabonta da zama zakarar lig kuma tun 1955, wanda ya ninka jiran Rovers kusan sau biyu. Don haka batun nauyin tarihi kowa na ɗauke da nasa.

Tukur_Kumasi: Ina bin muhawarar daga Kumasi, kuma ina son a ɗan yi bayani kan dalilin da ya sa mutanen Hull suke ɗaukar wannan kofi da zafi haka. Wasan 1980 da ake ta ambata, me ya faru a cikinsa?

Danladi_Hull: Malam Tukur, kogin Hull ne ya raba birnin biyu, yammacinsa na Hull FC ne masu baƙi da fari, gabashinsa na Rovers masu ja da fari, kuma a 1980 su biyun ne suka haɗu a Wembley. Rovers ta ci da maki 10 da 5, Steve Hubbard ya samo tara daga ciki, Roger Millward, wanda shi ne koci kuma ɗan wasa a lokaci guda, ya ƙara ɗaya duk da muƙamuƙinsa ya karye ana cikin wasan. A cikin tawagar akwai Clive Sullivan, baƙar fata ɗan yankin Wales, wanda ya jagoranci Birtaniya ta ɗauki kofin duniya a 1972, ya buga wa ƙungiyoyin birnin duka biyu, kuma babbar hanyar shiga Hull daga yamma sunansa take ɗauke da shi har yau. Wannan shi ne karo ɗaya tilo da Rovers ta ɗauki kofin. Bayansa ta sha kashi a hannun Widnes a 1981, a hannun Castleford da maki 15 da 14 a 1986, sai kuma 2015 da Leeds ta yi mata 50 da nema, Tom Briscoe shi kaɗai ya dire ƙwallo biyar. A wannan makon idan ka bi titin Holderness za ka ga shaguna da tagogin gidaje sun cika da ja da fari, har mai sayar da kifi da soyayyen dankali ya rataya tuta a ƙofa, amma idan ka tsaya ka yi magana da manyan unguwar za ka ji suna kaffa-kaffa da bakinsu, babu mai yarda ya ce an ci.

Hajiya_Rabi_Leeds: Tunda an ambaci Sullivan, duk wanda zai je filin ya tsaya a wurin mutum-mutumin 'yan zari-ruga biyar da ke harabar Wembley, domin ɗaya daga cikinsu Martin Offiah ne, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma a wasan ƙarshe na wannan kofin a 1994 ya ɗauko ƙwallo daga kusa da layin Wigan ya ratsa 'yan Leeds har ɗaya ƙarshen filin. Na kawo shi ne domin in ce wasan ƙarshe sau da yawa mutum ɗaya ne ke raba gardamarsa, kuma a wannan karon Mikey Lewis ne ya fi kama da mai iya yin hakan. Shi ne gwarzon Super League na 2024, haifaffen Hull ne, kuma yana iya canja ƙafa a gaban mai tsaro ya wuce ta inda babu hanya. Damuwata da shi ita ce zafin zuciya. Idan Warrington ta shafe minti 30 tana hana shi fili, zai iya fara neman abin al'ajabi a kowane kamu, kuma a nan ake jefar da ƙwallo.

Garba_Manchester: Akwai wani abu da ba mu taɓa ba, kuma ina ganin ya fi duk abin da muka faɗa muhimmanci. Wa zai buga wa Hull KR bugun sanduna? Arthur Mourgue, wanda ya zo daga Catalans ana cikin kaka, ba zai buga ba, domin ya riga ya buga wa Catalans wannan kofin a bana, kuma doka ba ta yarda mutum ya wakilci ƙungiya biyu a gasar a shekara guda ba. Ke nan an rasa mai tsaron baya an kuma rasa mai bugu a lokaci ɗaya, kuma da alama nauyin zai koma kan Lewis, wanda bugun sanduna ba shi ne babban aikinsa ba. A ɗaya ɓangaren kuwa Sneyd ne. Wasan 1986 da Malam Danladi ya ambata, bugun ƙarshe da John Dorahy ya yi bai shiga ba ne ya raba su da kofin. A 1968 ma Don Fox na Wakefield, wanda aka riga aka zaɓa gwarzon wasan, ya ɓarar da bugu a gaban sanduna cikin filin da ruwa ya cika, Leeds ta ci 11 da 10. Idan ranar Asabar aka yi ruwan sama, ƙwallo ta yi santsi, maki suka yi ƙaranci, ni Warrington zan ba rinjaye.

Maryam_Bradford: Malam Garba ya kawo hujja mai ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Amma ruwan sama ba ya cutar da ƙungiyar da ƙarfinta yake a tsaro. A wasan ƙarshe na Super League na bara a Old Trafford, Wigan da ta kwashe dukan kofunan shekarar sau ɗaya kacal ta iya dire ƙwallo a layin Rovers, ta hannun Bevan French, aka tashi 9 da 2. Abin da Rovers ta rasa a ranar shi ne hanyar cin maki, kuma tun daga lokacin ta ƙara Tom Davies a gefe, ga Joe Burgess a ɗaya gefen, ga Jez Litten da ke fitowa da gudu daga bayan kamu idan 'yan gaba sun fara gajiya. Ina hasashen wasa mai tsauri har zuwa minti na 60, daga nan 'yan canjin Rovers su nuna bambanci, domin raunuka sun rage wa Sam Burgess zaɓi a benci.

Inuwa_Damagaram: Na gode da bayanan nan, yanzu na fahimci abin da ake jayayya a kai. Abin da na lura shi ne masu ba Hull KR rinjaye suna magana ne kan ƙungiya gaba ɗaya, masu ba Warrington kuma suna magana kan mutum biyu ko uku. Shin a tarihin kofin an taɓa samun ƙaramar ƙungiya ta kayar da babba a wasan ƙarshe in ban da 2019?

Malam_Sabo_Kaduna: An samu, ɗan'uwa Inuwa, kuma mafi shahara shi ne na 1998, lokacin da Sheffield Eagles ta doke Wigan da maki 17 da 8, alhali Wigan ce ta ɗauki kofin sau takwas a jere daga 1988 zuwa 1995. Bana ma Wigan mai riƙe da kofin a gidanta Hull FC ta fitar da ita da maki 26 da 22. Sai dai Warrington ba ƙaramar ƙungiya ba ce, babba ce da kakar ba ta yi mata daɗi ba, kuma wannan kofin ne kaɗai abin da zai iya gyara mata shekarar, wanda hakan ke ƙara mata haɗari. Duk da haka ni Hull KR na ba, da tazarar da ba za ta wuce maki shida ba. Ga masu kallo daga gida, ƙarfe uku na rana za a fara a Landan, kuma a wannan watan agogonsu daidai yake da na Najeriya da Nijar.

Auwalu_Warrington: Ni dai ina nan kan bakana. Ben Currie, wanda Danny Houghton na Hull FC ya kama dab da layi ƙwallo ta suɓuce masa a ƙarshen wasan 2016, yana cikin tawagar har yanzu, ya kuma dawo ya buga wasan nasarar 2019, don haka akwai waɗanda suka ɗanɗani ɗaci da zaƙin filin a ɗakin sauya kayanmu. Malam Danladi, tunda Sallah ta kama ranar Juma'a, da jirgin ƙasa na safiyar Asabar zan sauka Landan in Allah ya yarda. Idan ka iso da wuri mu haɗu a wurin mutum-mutumin da Hajiya ta ambata kafin kowa ya nufi ɓangarensa.

Danladi_Hull: In sha Allahu za mu haɗu, Malam Auwalu, motocin magoya baya da asuba za su tashi daga Craven Park. Maganar Malama Maryam ta kwantar mini da hankali game da tsaro, amma tambayar Malam Garba kan mai bugun sanduna ba a amsa ta ba tukuna. Wanda ya bi wasannin da Lewis ya karɓi bugu a bana, musamman daga gefen fili, ya faɗa mana yadda ya gan shi.